Tsohuwar kyamarar fim ta gwanjo: wacce zan ɗauka, kuma yaya zan riƙe ta?

Ɗan Tudun Wada

Assalamu alaikum masana. Akwai wani mai kayan gwanjo da ke da tsofaffin kyamarorin fim guda uku: Pentax K1000, Canon AE-1 da Minolta SRT-101, kowacce da lens ɗinta na 50mm. Kuɗinsu kusan ɗaya ne, Canon ɗin ce kawai ta ɗan ɗara. Shi kansa bai san ko suna aiki ba, ya ce haka suka zo masa a cikin kaya. Ya yarda in duba iya dubawata a shagon, amma da zarar na biya babu mayarwa. Me da me zan duba a tsaye kafin in ba da kuɗi? Wacce ta fi sauƙin riƙo? A Kano za ta zauna, kun san ƙurarmu da zafinmu. Allah ya saka da alheri.

Malam Mai Gyara

Wa alaikumus salam. Kada sunan da ke goshin kyamara ya ɗauke maka hankali, lafiyarta za ka saya. An fara SRT-101 a 1966, AE-1 a 1976, ita kuma K1000 an yi ta daga 1976 har 1997. Duk wadda ka ɗauka ta kwana biyu a duniya, kuma yadda aka ajiye ta shi ne komai.

Bambanci na farko da ya kamata ka sani: K1000 da SRT-101 da sifirin da giya suke aiki, kamar agogon da ake wanawa. Batirinsu na mitar haske ne kaɗai, ko babu shi za su ɗauki hoto. AE-1 kuwa maganaɗisun lantarki ne yake sakin shotarta, wato labulen da ke buɗewa haske ya kai ga fim, in babu batir ko motsi ba za ta yi ba. Saboda haka ka tafi da batir ɗinka: 4LR44 mai bolt 6 domin Canon, LR44 ƙwaya ɗaya domin Pentax. Ka riƙe ƙaramar tocila, ta waya ma ta isa.

Fara da ɗakin batir. Buɗe murfin da kwabo ko bakin makulli. In ka ga farin gari ko kore-kore, tsohon batir ne ya fashe a ciki. In kaɗan ne a kan murfi, ruwan khal da audugar goge kunne suna cire shi. In ya ci ƙarfen har ya bi waya ya shiga ciki, mitar ta tafi sai an canza wayar. A AE-1 ka duba ƙofar batirin da ke gaba, roba ce, tana yawan karyewa.

Daga nan ja maɓallin naɗe fim sama, bayan kyamarar zai buɗe. Cire lens, ɗaga kyamarar ta fuskanci haske, ka ja hannun jan fim ka danna, a kowane gudun shota tun daga 1 (daƙiƙa ɗaya) har 1000 (kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa). A daƙiƙa 1 kunne ne zai yi aiki: a Pentax da Minolta za ka ji "zzz" mai tafiya daidai, sannan ta rufe. In ta tsaya a tsakiya, ko ta ja daƙiƙa biyu ko uku, man cikinta ya daskare, tana son wanki da sabon mai. A 500 da 1000 kuma ido ne: dole ka ga walƙiyar haske ta cika murabba'in gaba ɗaya. In gefe ɗaya ya yi duhu, labulen shota na biyu yana cim ma na farko tun bai gama tafiya ba, kuma haka rabin hotonka zai fito baƙi. Wannan ba gyaran gida ba ne.

Dukansu uku labulen shotarsu na ƙyalle ne da aka shafe da roba. Haska tocila ta gaba kana kallo ta baya, sau ɗaya kafin ka ja hannu, sau ɗaya bayan ka ja, domin labule biyu ne. Ɗigon haske kamar taurari yana nufin robar ta bushe ta tsattsage. Ɗaya ko biyu ana iya toshewa da baƙin fentin ƙyalle. In suna da yawa, ajiye masa kayansa. Kada ka taɓa labulen da yatsa.

Canon tana da ciwon da aka san ta da shi: in ka danna sai ka ji wani ƙugi kamar tari ko kukan ƙyaure, madubin kuma yana tashi da nauyi. Man giyar da ke rage wa madubi ƙarfi ne ya bushe. Ɗigon man agogo guda ɗaya ta bakin allura yake magance shi, amma sai wanda ya san wurin, domin in man ya zarce ya taɓa maganaɗisu ko labule an ƙara ɓarna. Ka sa shi cikin ciniki a rage maka kuɗi.

Sai ka leƙa ta maleƙa, wato tagar da ake sa ido. Ƙura ko ɗan baƙin ɗigo a nan ba ya fitowa a hoto, kada ya dame ka. Abin gudu shi ne baƙin layi ko tabo mai kama da tsatsa, alamar azurfar firizim, gilashin da ke kai hoto maleƙa, ta fara cinyewa. Wannan ma ba ya shiga hoto, amma yana ƙaruwa, kuma maganinsa sai wani firizim daga mushen kyamara. Saita lens a kan abu mai nisa sosai, kamar hasumiyar masallaci ko turken waya: ya kamata ya fito tas daidai lokacin da zoben ya kai alamar ∞. In bai fito ba, ko lens ɗin an taɓa kwance shi ba a mayar daidai ba, ko madubin ya goce.

Na ƙarshe mita. Sa ASA, wato lambar ƙarfin jin hasken fim, a 100, nufi bango mai haske iri ɗaya, ka gwada da manhajar auna haske ta waya. Mataki ɗaya shi ne ninka haske ko rage shi rabi. Saɓanin rabin mataki ba komai ba ne, ko mataki ɗaya ana gyara shi da zoben ASA muddin kuskuren iri ɗaya ne a rana da inuwa. Allurar da take tsalle ko take maƙalewa ita ce matsala.

In duka uku suka ci wannan jarrabawa, K1000 zan ce ka ɗauka. Cikinta babu rikici, batirinta ana samu a wurin masu agogo, kuma lens mai bakin K, wato irin bakin da ke ɗauruwa a Pentax, ya yi yawa a duniya, har da na Ricoh da Chinon da Cosina. Na farko-farko suna da sunan Asahi a goshi da murfin ƙarfe, na ƙarshe da aka haɗa a Sin murfinsu roba ne. Abu ɗaya: mitarta ba ta da makunni, murfin lens ne yake kashe ta. In ka bar ta a buɗe, batir zai ƙare a banza.

Hajiya Mai Hoto

Malam ya gama da jikin kyamara, bari in ƙara a kan lens, domin shi ne yake zana hoton, jikin akwati ne kawai mai hana haske shiga.

Cire murfi biyu, buɗe ƙofar haske har ƙarshe, haska tocila ta baya kana kallo ta gaba a karkace, kada ka sa hasken cikin idonka kai tsaye. Sannan ka juya. Za ka ga ƙura, kowane tsohon lens yana da ita, ba ta rage komai. Ɗan ƙarce a gilashin gaba ma da wuya ka gan shi a hoto. Na gilashin baya ya fi illa, saboda ya fi kusa da fim.

Abu uku ne suke kashe ciniki. Fumfuna, wadda za ka gani kamar saƙar gizo-gizo ko farin zare mai rassa, yawanci daga gefe take farawa. In sabuwa ce tana goguwa, in ta daɗe tana cinye shafen gilashin ta bar zane har abada. Na biyu hazo, kamar an huci gilashi bai washe ba: tururin tsohon giris ne ya kwanta, shi ke sa hoto ya fito fari-fari babu armashi, musamman in ka fuskanci haske. Na uku rabuwar gilashi, inda gam ɗin da ya haɗa gilasai biyu ya saki, za ka ga launin bakan gizo a gefe. Wannan ka bar shi, kuɗin gyaransa ya fi kuɗin lens ɗin.

Duba ganyayyakin ƙofar haske. Sa zoben a 16, ka taɓa ɗan ƙarfen da ke bayan lens ka saki. Su rufe su buɗe nan take, kuma su kasance a bushe. In suna ƙyalli, mai ne ya gangaro daga giris ɗin zoben saiti, kuma zafi ne yake narkar da shi, don haka wannan ciwon ya fi yawa a ƙasarmu. Ganye mai maiko yana makara wajen rufewa, hoto ya sha haske fiye da kima. Ka lura: lens ɗin Canon mai bakin FD ba ya motsa ganyensa in ba a jikin kyamara yake ba, wannan ƙirarsa ce, ba lalacewa ba. Ɗaura shi, cire zoben daga A, sa gudu a B, buɗe baya, ka danna kana kallo.

Zoben saiti ya juya da santsi daga farko har ƙarshe. In yana ƙaras-ƙaras yashi ya shiga. In ya yi tauri giris ya bushe.

Shawarata ga mai farawa, ka tsaya a 50mm ɗin nan mai f/1.7 ko f/1.8 ko f/2. An yi su da yawa shi ya sa suke da araha, kuma suna da kaifi. Na f/1.4 ya fi tsada, bambancin hasken da zai ba ka bai wuce mataki ɗaya ba. In za ka ƙara, 28mm f/2.8 na kasuwa da gine-gine, 135mm f/3.5 na fuska daga nesa. Tsofaffin lens masu zuƙowa na shekarun 1970 da 1980 marasa suna, waɗanda ake haɗawa kyauta a ciniki, yawancinsu nauyi ne da hazo.

Kowane kamfani da bakinsa, na Canon ba ya hawa Pentax, na Minolta ba ya hawa Canon. Amma ga wata fa'ida ta Pentax: tazarar bakin K daga fim daidai take da ta tsohon baki mai zare M42, milimita 45.46. Da ɗan zoben ƙarfe marar gilashi za ka ɗaura lens masu M42 irin Takumar ko Helios-44 na Rasha mai 58mm f/2, sai dai da hannu za ka riƙa rufe ƙofar haske kafin ka auna.

Ɗan Tudun Wada

Na gode ƙwarai Malam, na gode Hajiya. Na koma na duba. Pentax ɗin akwai fumfuna cike da lens, kuma tana maƙalewa a daƙiƙa 1. Canon tana tarin nan. Minolta ce ta fi lafiya, shota garau, gilashi tas. Sai dai LR44 ya yi wa ɗakin batirinta ƙanƙanta, sannan akwai wani baƙin abu mai danƙo a gefen ƙofar baya, har ya ɓata min yatsa. In ɗauka?

Injiniya Sabon Gari

Ɗauki Minolta, ɗan'uwa. Duka biyun da ka faɗa ƙananan abubuwa ne, kuma lens ɗin Minolta, wato Rokkor, ba ya jin kunya a gaban kowa.

Batirinta na asali PX625 ne na makuri, wato zaiba, mai bolt 1.35, kuma an daina yin sa saboda gubarsa. An gina mitar a kan wannan ƙarfin daidai, tunda batirin makuri ba ya sauka sai ranar mutuwarsa. Akwai 625 na alkalin mai girma ɗaya, amma bolt 1.5 ne yana sabo, sai mitar ta ga kamar haske ya fi yadda yake, hotuna su fito da duhu. Kuma yana sauka a hankali, kuskuren yau daban na wata mai zuwa daban. Shi ya sa ba na son sa.

Mafi araha shi ne batirin na'urar ƙara ji mai lamba 675, ana samu a manyan kemis. Bolt 1.4 yake bayarwa, ya yi kusa ƙwarai. Ya fi na asali ƙanƙanta, sai ka zagaye shi da zoben roba irin na masu gyaran famfo ko guntun waya mai riga, don ya zauna a tsakiya. Da iska yake aiki: in ka ɓare takardar bayansa ka ba shi minti ɗaya zuwa biyu kafin ka sa. Daga ranar da ka ɓare ya fara mutuwa ko ka yi aiki ko ba ka yi ba, kuma busasshiyar iskar hunturu tana gaggauta shi. Lissafa makonni, ba shekara ba. Hanya mai ɗorewa ita ce adafta MR-9 wadda ake saka batirin azurfa SR43 a ciki tana rage ƙarfinsa, ko mai gyaran rediyo ya liƙa diyod irin Schottky a kan wayar batir, ka riƙa sa SR44. A ƙasan kyamarar akwai makunni mai ON da OFF da BC, mayar da shi OFF in ka gama.

Ko mitar ta mutu gaba ɗaya ba ta hana ka aiki. A rana tsaka, sa ƙofa a 16, gudu kuma lambar da ta fi kusa da ASA ɗin fim: fim mai 200, gudu 250. In akwai hazo 11, in hadari ya rufe rana 8 ko 5.6, a inuwar bishiya ko rumfa 4. In kana shakka ƙara haske, kada ka rage. Fim mai launi irin Kodak Gold ko ColorPlus yana jure ƙarin mataki biyu lafiya lau, amma ƙarancin haske yana sa inuwa ta yi dusu-dusu.

Baba Mai Agogo

Baƙin danƙon nan soso ne da aka liƙa don tare haske, shekaru suka narkar da shi. Kusan kowace kyamarar Japan ta wancan zamani sai an canza mata, kuma aikin awa ɗaya ne zuwa biyu a gida.

Tanadi tsinken tsire ko na sakace, audugar goge kunne, sifirit mai ƙarfi irin aisofurofil kashi 90 zuwa sama ko man laita, sabuwar reza, da baƙin soso mai gam a baya, kauri milimita 1.5 da kuma 2. Kafin komai yanki kati ka rufe tagar shota ka kama shi da salatif, don kada ɓarɓashi ya faɗa kan labule. Jiƙa tsohon soson kaɗan, ka kankare da tsinke, ka goge, ka sake, har ramin ya fito fes. Kada ka sa ƙarfe, zai kankare baƙin fenti. Dogayen ramuka biyu na sama da ƙasa siririn yanki suke so, faɗin milimita 1.5 zuwa 2. Shafa ɗan sifirit a kan gam ɗin kafin ka tura, zai ba ka damar gyara zamansa kafin ya kama. A ramin sama akwai ɗan ƙarfen da ƙofa take dannawa, shi ke mayar da lissafin hotuna farko: yanke soson a nan ka bar masa fili. In soso ya gagara, baƙin zaren ulu na masu saƙa yana yin aikin ramukan, kuma ba ya narkewa. Wurin da haske ya fi shiga shi ne gefen maratayin ƙofa, ka ba shi yanki mai faɗi. In ka gama ka rufe ƙofar ta kwana.

Akwai wani soson a gaba, sama da madubi, inda yake bugawa in ya tashi. Nan sai da natsuwa. Kifa kyamarar yadda ɓarɓashi zai faɗo waje, kuma kada sifirit ya taɓa gilashin saiti da ke kusa, roba ce mai zane-zane, ɗigo ɗaya zai bar tabon da ba ya fita. Madubin ma azurfarsa a sama take ba a baya ba, iska kawai ake hura masa. WD-40 da man keken ɗinki kada su kusanci kyamara ko kaɗan, suna bin ko'ina har gilashi. Sukurorinta kuma irin Japan ne da ake kira JIS, sukundireba ta gama-gari tana cinye kansu.

Sai gwaji da fim mai hoto 24 mafi araha. In ka ɗaura, ka tabbata maɓallin naɗewa yana juyawa duk lokacin da ka ja hannu, in ba haka ba fim bai kama ba. Ɗauki kowane gudu ka rubuta a takarda, ka bar kyamarar ta sha rana minti kaɗan a tsakiyar fim. In an wanke, nagatif ɗin za ka duba, ba hoton ba. Tabon da ya tsallake har kan ramukan gefe daga ƙofa yake. Wanda ya tsaya a cikin murabba'i daga shota yake. Hotunan da suka hau juna, giyar ja ce.

Ajiya kuma a Kano kala biyu ce. Da damina, musamman Yuli zuwa Satumba, laima ce abokiyar gaba. Fitar da kyamara daga jakar fata, fata tana riƙe danshi kuma fumfuna na son ta. Sa ta a robar abinci mai murfin da ba ya shan iska, da silika jel da ƙaramin ma'aunin laima, ka riƙe tsakanin kashi 40 da 50. In silikar ta canza launi, gasa ta a obin a zafi digiri 120 na Salsiyos na awa ɗaya zuwa biyu. Da hunturu kuwa cire silikar, iska ta riga ta bushe, ƙarin bushewa yana daskarar da mai. Lokacin ƙura ce matsala: kada ka canza lens a fili, ka sa gilashin kariya na UV a gaba, lambar girmansa tana jikin zoben gaba ko cikin murfi. Wajen goge lens hura iska tukuna, sannan burushi mai laushi, sannan ƙyalle. Ƙurar hunturu yashi ce, in ka goga da gefen riga ka yi wa gilashi sanfefa. Ka riƙa naɗe fim a hankali a wannan lokaci, domin sauri a busasshiyar iska yana haifar da tartsatsi mai barin zane kamar rassan bishiya a hoto.

Kada ta zauna a cikin mota da bazara, kada a sif mai kafur, kada a ɗakin da ake turaren wuta, hayaƙinsa yana kwanciya a gilashi. Cire batir in za ta yi wata ba aiki, ka bar shota a sake ba a ɗane ba, kuma duk wata ka danna kowane gudu sau biyar ko shida.

Hajiya Mai Hoto

Ƙari kaɗan a kan fim ɗin kansa, Baba. Zafi ya fi cutar da shi fiye da kyamara. Firij ne wurinsa, amma da yadda wuta take ɗaukewa yana yin gumi, don haka a bar kowane fim a cikin robarsa a rufe, a haɗa su a leda mai zif. In ka fito da shi ka ba shi awa biyu kafin ka buɗe. Wanda aka riga aka ɗauka kada ya wuce mako biyu ko uku ba a wanke ba. Fim mai launi da ya wuce wa'adinsa ana ƙara masa mataki ɗaya na haske a kan kowace shekara 10, amma kada ka gwada kyamara da shi, ba za ka gane laifin na wane ne ba.

Kuma tun kafin ka biya kuɗin Minolta, ka nemo wanda zai wanke maka, ka tambaye shi ko injinsa na C-41, wato na wanke fim mai launi, yana aiki har yanzu da kuma yaushe ya canza ruwan magani. In babu a kusa, fara da baƙi da fari irin Fomapan ko Kentmere, ana wanke su a gida da ƙaramin tanki. Ruwan ya zama a ma'aunin zafi digiri 20 na Salsiyos, ka tanadi ƙanƙara, domin ruwan tankin sama da bazara ya wuce haka nesa.